Sunan da Na Ɗauko Daga Bi'ir Ali

A ziyarata ta baya-bayan nan zuwa Madina, wadda 'ya'yana suka haɗa baki suka tura ni wai in je in huta, na shiga lifta a masauki na tarar da ita maƙil da waɗansu mutane jajaye masu faffaɗar fuska, kowa da 'yar tutar ƙasarsa manne a ƙirji. Rashanci suke yi, da ƙarfi, kamar suna tsakar gidansu. Wata dattijuwa tana yi wa mijinta faɗa a kan takalmin da ya ɓatar a ƙofar Harami, shi kuwa ya ƙura wa rufin liftar ido. Babu wanda ya waiga, babu wanda ya sassauta murya. Na tsinci kalma biyu ko uku a cikin faɗan, sauran suka wuce ni, don abin da ya rage mini na yaren bai fi cikin cokali ba. Washegari na ɗauki tasi na ce a kai ni Al-Awali. Direban haifaffen can ne, iyayensa namu ne, ina yi masa Hausa yana mayar mini da Larabci, haka muka yi ta zagaye. Gonakin dabinon da na sani wasu sun zama gidajen bene, wasu gidan mai, waɗanda suka saura kuma an ɗaga katangarsu an sa ƙofar ƙarfe. Ban gane wurin da nake nema ba, ban kuma matsa ba. Na ce ya mayar da ni kada in rasa la'asar a jam'i.

Na zo Madina ina saurayi, ɗalibi a jami'ar Musulunci, kai cike da nahawu, ciki kuma mai saurin jin yunwa. Garin a lokacin kana iya ratsa shi da ƙafa tsakanin salla da salla. Lunguna ne matsattsu, da tagogin katako masu leƙowa bisa kan mai wucewa, da ƙanshin burodin tamis da ake liƙawa a cikin tanderu. Idan ka fita gefen gari, sai kukan tattabaru da bugun injin ban-ruwa daga cikin gonaki, wanda kunne ke sabawa da shi har sai ya tsaya sannan ka san yana yi. Ranar Alhamis muke wanki, mu shanya farare a kan igiya, kafin mu gama ɗauraye na ƙarshe na farko ya bushe ƙarau. Yarukan duniya duk za ka ji su a ƙofar Harami, ban da ɗaya. Rashanci harshen 'yan gurguzu ne, waɗanda aka ce mana sun mayar da masallatai rumbun auduga, kuma ƙasarsu da wadda muke zaune ba sa ga-maciji. Ɗalibin da aka ji yana furta shi, za a kira shi ofis a tambaye shi a ina ya samo, kuma iƙamar zama ba ta da wuyar sokewa. Duk da haka na koye shi, a aji, da malami, a cikin wannan gari.

Abin ya samo asali ne daga tuwo. Akwai wani Badamagare da ke aikin hawan dabino a wata gona a Al-Awali, wanda alhazai ke kawo wa kuka da daddawa, ni kuwa shinkafar makaranta ta ishe ni. Duk Alhamis bayan wanki sai in kama hanya. Da ya hango ni zai ɗaga murya daga saman bishiya: "Ga bawana Bakano nan, hanci ya jawo shi!" In ce masa ya sauko a hankali kada ya faɗo kafin ya sauke tukunya. Mai gonar wani attajiri ne da ke zuwa jefi-jefi a motarsa, ya zagaya, ya tafi. Wanda ke riƙe da komai wani tsoho ne daga mutanen da Madina ke kira 'yan Buhara, ko daga wane gari suka fito a waccan nahiya. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, gemunsa siriri, yana shan koren shayi ba sukari a wani ƙaramin kwano maras hannu. A garin da kowane magidanci ake kiransa Abu wane, shi ba shi da Abu. Ammu kawai ake ce masa, wato baffa. Waɗanda suka gwada laƙaba masa alkunya don girmamawa, ya ƙi amsawa har suka gaji.

Allah ya ba ni kunne, ba yabon kai ba ne, don bai tsinana mini komai a jarrabawa ba. Duk muryar da na ji sau ɗaya ina iya mayar da ita yadda take. Wata Alhamis muna jiran tuwo ya nuna, ina kwaikwayon malaminmu Bamisire da wani mai kanti ɗan Yamal da ke cutarmu a awon sukari, Badamagare yana birgima don dariya, sai na ga Ammu ya tsaya a bakin kwatar ruwa yana saurare. Ya matso, ya faɗi wata doguwar magana mai kama da tauna tsakuwa, ya ce da Larabci, "Maimaita, ya waladi," wato ɗana. Na maimaita. Ya ajiye kwanon shayinsa a ƙasa, ya faɗi wata wadda ta fi ta tsawo. Na mayar masa da ita har da tarin da ya yi a tsakiya. Bai yi dariya ba. Ya ce idan na gama cin abinci in same shi a ƙarƙashin rumfar inabi.

Bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce mahaifinsa maƙerin wuƙaƙe ne sananne a garinsu, shi kuma an sa shi makarantar Rashawa, ya yi tafinta a tashar jirgin ƙasa. Da aka fara kama mutane, ya tsallake duwatsu da ƙafa, ya bar matarsa da ciki, haihuwa sai hunturu. Ya yi zaton zai koma kafin dusar ƙanƙara ta narke, ga shi har furfura ta gama cinye shi. Matar, ya ce, yarinya ce a lokacin, tabbas an daɗe da yi mata wani aure, ba huruminsa ba ce. Abin da yake so shi ne ɗan. Namiji ne ko mace, bai sani ba, kuma sunansa yake nema. "Kullum ina cewa ya Allah ka tsare wanda ka sani," in ji shi. "Ina so kafin in mutu in kira shi da suna a cikin Rauda, ko sau ɗaya." Duk shekara akan bar 'yan tsirarun alhazai su fito daga ƙasar, tare da masu gadi da ke sanye da kayan alhazai su ma. Duk ɗan Buharan da ya kusance su za a tare shi, wanda ya amsa masa kuma zai ɗanɗana kuɗarsa idan ya koma gida. Na ce to me ya hana ya koya mini yarensu na gida? Ya ce baƙar fata mai yarensu, kowa ya san ɗan gudun hijira ne ya koya masa. Amma baƙar fata mai Rashanci, sai su ce a Masko ya yi karatu kamar sauran 'yan Afirka, har murna za su yi.

Mu uku muka fara, don na janyo abokai biyu su rage mini kaɗaici. Ɗaya ya gudu a mako na biyu, ya ce harshensa na karatun Alƙur'ani ne ba na tauna ƙashi ba. Ɗayan ya daɗe kaɗan saboda shinkafar Buhara da Ammu kan dafa mana da karas da zabibi, da aka shiga azumi ya ɓace. Ajin dai aji ne na gaske. Bayan la'asar ake shiga, a tashi da kiran magariba, wanda ya makara ya tsaya a tsaye. Allonmu ƙasa ce da aka yayyafa wa ruwa, alƙalami kuma zarben dabino, idan an tashi Badamagare ya bi da tsintsiya, kada mai gona ya zo ya ga baƙaƙen da bai sani ba. Rana ta farko na ce masa Baba, yadda tarbiyyarmu take. Ya ɗaga yatsa ya ce a yarensu na gida wannan girmamawa ce, amma a wannan aji ma'anarta mace 'yar ƙauye mai baki, don haka in kiyaye. Badamagare da ke yanke busassun zarbe a kusa ya ji, kuma har na bar Madina bai daina kirana Baba ba. Kalmar da ta fi mini sauƙi ita ce "da", wato e, don mu Hausawa muna da ita iri-iri a baki. Wadda ta fi wuya ita ce gaisuwa. Baƙaƙe ne cunkushe ba wasali, ni kuwa bakina sai ya cusa wasali a kowane saƙo, in ce zidirasitibuyiti. Ammu yakan rufe ido ya ce, "Halas, ka mayar da ita jerin raƙuma. Sake."

Yanzu ina ganin jikokina suna koyon yare a waya, ana tafa musu da hoton tauraro idan sun ci, su yi wata shida ba su iya tambayar hanyar makewayi ba. Ban ce namu ya fi ba, amma namu yana da mutum a ƙarshensa. Ammu ba ya yabo. Abin da ya fi faɗa shi ne kunne ya riga baki shiga aji, kuma ya fi shi daɗewa. Yakan sa ni in juya masa baya, ya yi magana ƙasa-ƙasa daidai lokacin da injin ban-ruwa ke bugawa, don a cewarsa ba a ɗaki za a ba ni amsa ba. Na koyi sunayen 'yan'uwa, da sana'o'i, da ƙirga, da lokutan shekara. Idan aka zo kan hunturu, zima, sai darasi ya lalace, ya shiga ba da labarin yadda ƙanƙara ke kukan ƙas-ƙas a ƙarƙashin takalmi, da kankanar da ake ratayewa a rufin ɗaki ta kai har bazara, mu kuwa gumi na tsiyaya ta gemunmu. Tambayar kanta gajera ce, na haddace ta har ina yi a mafarki: ɗan maƙerin wuƙaƙe da ya tafi, abin da aka haifa masa, kak zavut, yaya sunansa? Sannan ya yi ta jefo mini amsoshi don in saba. Sunansa wane, direban jirgin ƙasa ne. Sunanta wance, malamar makaranta ce, 'ya'yanta biyar. Ranar da ransa ke fari har likita yake mayar da yaron. Abu ɗaya na ƙi, na ce ni ɗalibin hadisi ba zan ce na yi karatu a Masko ba. Sai ya ce in an tambaye ni in ce a wajen naku na koya, sauran su cike da kansu.

Hajji ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, babu mutumin garinsu a cikin tawagar. Mai kawo mana labari wani ɗan ƙasarsu ne mai gasa tamis a Al-Azizya, gajere mai ƙonannun gashin hannu, wanda ke kai burodi masaukin baƙin. Ba ya iya ce musu uffan, mai gadi na tsaye a kansa, amma yana da ido. Mutanen can da hula ake gane garinsu, yadda mu ma muke gane Babarbare tun daga nesa. A shekara ta uku ya zo gonar da kansa da tsakar rana, abin da bai taɓa yi ba, ya ce akwai wani tsoho a cikinsu da baƙar hula mai zanen barkono fari, ɗinkin unguwarsu Ammu sak, kuma shekarunsa sun isa ya san maƙerin. Jibi da hantsi za su tashi zuwa Makka. Ammu ya tambaye shi zanen sau uku, sannan ya juyo ya ce mini in je in yi aski.

A Bi'ir Ali muka shirya tare su, inda duk mai fita daga Madina ke tsayawa ya ɗaura harami. Wanda ya san wurin yanzu da faffaɗan fili da jerin bandakuna ba zai gane na da ba. Ƙura ce da hayaƙin manyan motoci, direbobi na ta oda, masu sayar da takalmin soso da ɗamara na ihu, ruwan wanka na malala ta ƙarƙashin ƙafafu, ga talbiyya na tashi daga kowace kusurwa, wannan ayari na ɗauka wancan na saukewa. Na zo da buta biyu kamar masu neman lada, Badamagare ya rako ni da ɗamaru a kafaɗa. Ba mu sha wuyar gane su ba, don su kaɗai ne ke tafiya a dunƙule ba mai hira. Mai gadinsu ma ba ɓoyayye ba ne, wani ƙaƙƙarfa ne mai jan wuya wanda a fili yake bai taɓa ɗaura zane ba. Ya fito daga wanka yana riƙe da haramin da hannu bibbiyu, yana taku yana zamewa. Badamagare ya ce, "Wallai wannan nawa ne," ya tare shi da fara'a, "Ya hajji, ta'al, ta'al, haka ba ya yi," ya kama shi ya shiga juya shi yana naɗawa yana warwarewa, yana yi masa bayani da Hausa tsantsa.

Tsohon yana tsugune a gefe, ya cire hular ya cusa a jaka, kansa fari fat, yana neman ruwan alwala. Na durƙusa na karkata buta a hannunsa, na yi gaisuwar nan da na sha wuya a kanta, ta kuwa fita ba raƙumi ko ɗaya. Ya ɗago a firgice. Ya tambayi inda na koya, na ce a wajen naku. Ya ɗan saki fuska. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ni kuma na sunkuyar da kai na yi tambayar ƙasa-ƙasa. Ruwan ya ci gaba da zuba a tafinsa bai ɗiba ba. Ya saci kallon mai gadi, ya dube ni, ya ce, "Yana raye? Yana nan?" Na ce masa, "Da." Na sake cewa kak zavut. Sai ya ce, "Umer." Ya numfasa ya ƙara, "Zimoy umer. Malinki." Sannan ya shafa tafukansa biyu a fuska har zuwa gemu.

Na ji komai sarai, a ganina. Umar, ga shi nan a fili. Kowace al'umma da yadda take murɗa sunan, mu mu ce Ummaru, Turkawa na ji suna cewa Omer, su kuma ashe Umer. Zimoy, da hunturu, daidai lokacin da aka ce za a haihu. Malinki, ƙarami, wato bai ɗauko tsawon ubansa ba. Shafa fuskar kuwa na ɗauka alwala ce yake ci gaba da ita. Na washe baki na ce, "Alhamdu lillahi! Masha Allah!" Tsohon ya yi mini wani irin kallo, ya buɗe baki zai ƙara magana, sai ga mai gadi ya ƙwato kansa daga hannun Badamagare, an ɗaure shi tamau kamar buhun gero. Na ce wa mai gadin spasiba, wato na gode, na yi musu fatan hajji karɓaɓɓe, ya yi murna ƙwarai da jin yarensu, har ya dafa kafaɗata. Motarsu ta tashi, tsohon yana jikin taga yana kallona har suka hau titi.

Mun samu wata motar ɗaukar kaya ta rage mana hanya. Tun daga ƙofar gona na fara ƙwala kira, "Ya Aba Umar! Ya Aba Umar!" Badamagare ya ɗauka, ma'aikatan da ke saman bishiyoyi suka ɗauka ba tare da sun san dalili ba, wani ya kashe injin ban-ruwa don a ji da kyau. Ammu ya fito daga rumfa ba takalmi. Na ce namiji ne, sunansa Umar, da hunturu aka haife shi, gajere ne. Ya dafa ginshiƙin rumfar, ya yi ta maimaita sunan, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskar babban mutum ba, kuma na ji daɗi har cikin raina, na ji shekarun da na yi ina tauna tsakuwa ba su tafi a banza ba. Aka kawo shayi. Da hayaniya ta lafa, halin malanta ya motsa masa, ko kuwa so yake ya ji muryar garinsu, ya ce, "Zauna. Faɗa mini yadda ya faɗa, da bakinsa, kada ka gyara komai."

Wannan kuwa shi ne abin da na fi iyawa. Na tsuguna yadda tsohon ya tsuguna, na ɗauko muryarsa mai rawa, da numfashin da ya ja a tsakiya, na ce, "Umer. Zimoy umer. Malinki." Don in cika aiki har na shafa tafukana a fuska zuwa gemu. Ammu ya dube ni. Ya ce, "Sake." Na sake. Ya ɗauki kwanon shayinsa, ya juya shi a hannu, ya mayar bai sha ba. Can ya ce, "Lafazinka ya yi kyau, ya waladi. Babu kuskure ko ɗaya." Shi ne yabo na farko da ya taɓa yi mini, na kuwa kumbura. Ya tashi ya ce zai je ya yi alwala, ya daɗe bai dawo ba, muka ce murna ce ta yi masa yawa.

Washegari ya sa aka yanka rago, aka dafa shinkafa aka raba wa ma'aikatan gonakin da ke kewaye. Sunan ya kama shi nan take. Mai gona ya zo a motarsa ya ce mabruk ya Aba Umar, masu sayen dabino suka ɗauka, har yaran unguwa, kuma duk wanda ya kira yana amsawa. Aji dai ya mutu a hankali. In na zo sai ya ce yau zafi ya yi yawa, ko ƙafarsa na ciwo, mu sha shayi kawai. Ban damu ba, don jarrabawar ƙarshe ta matso, kuma a ganina an gama abin da aka taru dominsa. Na lura yana yawan tafiya Harami da hantsi, na kuma lura ya rage cin abinci, na danganta shi da tsufa.

Rashancin da ya rage mini sai na koma yi da mai tamis, in na biya Al-Azizya sayen burodi, ƙasa-ƙasa idan ba kowa. Akwai wani dattijo ɗan ƙasarsu da kullum ke zaune a kan benci a bakin tanderun yana jan carbi. Wata safiya na ga bencin ba kowa, na ce bari in gwada bakina, na tambaya da Rashanci ina abokinka. Mai tamis yana cikin zaro burodi da ƙugiya, bai ko juyo ba ya ce, "Umer." Na ce a'a, ba Umar nake tambaya ba, dattijon nan mai carbi. Ya juyo ya ce da Larabci, "Shi nake nufi. Ya rasu, jiya aka kai shi Baƙi'a, Allah ya jiƙansa." Ya rataye ƙugiyar, ya shafa tafukansa biyu a fuska har zuwa gemu. Sai da ya sauke hannun ya ga fuskata, ya gane abin da ya yi. Ya ce, "La haula. Malaminka ya roƙe ni kada in bari ka sani."

Na bar burodin a kan tebur na kama hanyar Al-Awali da ƙafa. A hanya na yi ta lissafa kalmomin da aka koya mini, na ga akwai rai, akwai lafiya, akwai aure da haihuwa da girma, amma babu ciwo, babu kabari, babu mutuwa. Duk tsawon zamanmu mutumin nan amsoshin da yake so ya ji kawai ya koya mini. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, da ɗan haushinsa ma, don ya bar ni ina yawo a gari ina ba da labarin bajintata.

Na same shi a bakin kwata yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Na yi sallama, na rasa da wane suna zan kira shi, na ce Ammu. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Mai tamis bakinsa ba ya rufuwa." Na ce don me bai faɗa mini ba tun a ranar, don me ya bar mutane suna kiransa da kuskurena? In ya yarda ni da kaina zan bi su ɗaya-ɗaya in gyara. Ya jingina fartanyar da kututturen dabino, ya goge hannu a rigarsa.

"Ba za ka gyara komai ba," in ji shi. "Da hunturu aka haife shi, da hunturu ya tafi. A irin shekarar nan, wa ya sani ko ya kai ranar suna? Uban da zai yi masa huɗuba a kunne yana bayan duwatsu. Kai ka je miƙati ka ɗauko masa suna, na ji, na karɓa, na yanka rago." Ya ɗauki fartanyar ya koma kan ruwansa. "Na kai shi Rauda, na kira shi da shi. Yanzu kira ni yadda ya kamata, sannan ka zo ka riƙe mini wannan bakin kwatar."

Na ce, "To, Abu Umar." Na naɗe ƙafar wandona na shiga ruwan.